Yadda Ake Tara Kuɗin Wucin-gadi na Jamus Masu Ɗauke da Tarihin Rumawa

Takardar da ta fara shigowa hannuna ba ta cika tafin hannu ba. An buga mata 50 Pfennig da sunan garin Detmold, shekararta 1920, hoton da ke jikinta kuwa na wani yaƙi ne da aka yi tun shekara ta 9 Miladiyya. Babban bankin ƙasa bai san da ita ba, hukumar gari ce ta buga abinta. Irin waɗannan takardu Jamusawa ke kira Notgeld, wato kuɗin larura, kuma da wannan sunan za ka neme su duk inda ake sayar da su.

Abin da ya sa na damu da su shi ne kowace ɗaya labari biyu take ɗauke da shi. Akwai na Rumawan da aka zana, akwai kuma na mutanen da suka yi zanen bayan sun sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda ya tara su bai koyi raba labaran nan biyu ba, takardu masu launi kawai ya tara.

Mataki na farko: san irin takardar da ke gabanka

Kashi huɗu za ka ci karo da su, kuma gara ka iya bambance su kafin ka fitar da ko sisi.

Na 1914 su ne na farkon yaƙi, lokacin da jama'a suka ɓoye tsabar zinariya da azurfa. Ba su da ado, wasu hatimi ne kawai da sa hannu. Daga 1916 kuma sai ƙaramin canji ya ɓace a kasuwa, domin tagulla da sauran ƙarafan da ake yin tsaba da su sun tafi masana'antun makamai. Garuruwa, gundumomi, bankunan ajiya da kamfanoni suka riƙa buga 10, 25 da 50 Pfennig don mai burodi ya samu abin mayar wa mai saye. Pfennig 100 ne Mark ɗaya, kamar kwabo da naira. Duk wanda ya ga wahalar takardun naira a farkon 2023 ya san halin da kasuwa ke shiga idan abin biya ya yi ƙaranci.

Kashi na uku shi ne namu. Da hukumomin garuruwa suka lura mutane na adana takardun nan ba sa dawo da su a fanshe, sai suka gane riba ce tsagwaronta: an karɓi kuɗin gaske, an ba da takarda, takardar kuma ba za ta dawo ba. Daga wajejen 1920 zuwa 1922 aka shiga buga su jeri-jeri, huɗu, shida, goma, har goma sha biyu, kowane jeri da labarinsa, don masu tarawa kawai. Sunansu Serienscheine. Gwamnati ta hana bugawa da dokar 17 ga Yuli 1922. A cikin waɗannan ne za ka fi samun hotunan tarihi.

Na huɗu su ne na hauhawar farashin 1922 zuwa 1923, masu miliyoyi da biliyoyi a jiki. A Nuwamban 1923 dala ɗaya ta kai Mark tiriliyan 4.2, a tsakiyar watan nan kuma aka fito da sabon kuɗi mai suna Rentenmark. Suna da nasu masoya, amma yawancinsu a gurguje aka buga su, ba a tsaya zane ba.

Mataki na biyu: zaɓi yanki, kada ka ce duka za ka tara

Garuruwan da suka buga Serienscheine sun haura dubu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle dubu. Ɗauko taswirar Jamus ka ja layi uku da fensir. Na farko ya bi kogin Rayin ta Mainz, Boppard, Andernach, Bon, Kolon har Xanten, ka ƙara reshe ta kogin Mosel zuwa Trier. Wannan ita ce ƙasar da Rumawa suka zauna shekaru ɗaruruwa, suka gina birane. Na biyu ya bi kogin Lippe daga inda ya shiga Rayin, ya yi gabas ta Haltern har yankin Paderborn da Detmold. Nan hanyar yaƙi ce, Rumawa sun kafa sansanoni amma zaman bai ɗore ba. Na uku shi ne iyakar da ake kira Limes, shingen katako da gwalalo da hasumiyoyin tsaro mai tsawon kilomita 550 daga Rheinbrohl a bakin Rayin zuwa kogin Danub.

Garuruwan da ke kan layukan nan su ne jerin farautarka. Amma ka sani, gari ya zama na Rumawa ba shi ke nuna ya sa su a kuɗinsa ba. Xanten na zaune ne kusa da kufan wani birnin Rumawa, amma garin ya fi tinƙaho da Siegfried, jarumin tatsuniyarsu, don haka shi za ka fi gani. Sai ka duba hoton kowace takarda da idonka.

Shawarata ga mai farawa: Trier, Haltern, Detmold. Garuruwa uku, fuskoki uku na labari guda.

Mataki na uku: koyi karanta rubutun

Yawancinsu da tsohon rubutun Jamus mai lanƙwashe-lanƙwashe aka buga su, wanda ake kira Fraktur. Kwana biyu zai ba ka wuya, daga nan ido ya saba. Babban tarkonsa wani dogon harafin s ne mai kama da f, sai k da ke kama da t mai ado. Buga jadawalin haruffan a takarda ɗaya ka ajiye a gefe.

Kalmomin da ke maimaituwa ba su da yawa. Gutschein takardar shaida ce ta kuɗi. Stadt gari ne, Kreis gunduma, Gemeinde ƙaramar hukuma, Sparkasse bankin ajiya. Der Magistrat ko Der Bürgermeister a ƙasan sa hannu na nufin hukumar gari ko magajin gari. Gültig bis na gaya maka ranar da takardar za ta daina aiki. Druck, da ƙananan haruffa a bakin takarda, sunan maɗaba'a ne ke biye da shi. Don Rumawa kuma ka nemi Römer (Rumawa), römisch (na Rumawa), Kastell da Lager (sansanin soja), da sunayen Varus, Hermann, Armin da Aliso, waɗanda za mu zo kansu a gaba, da na Drusus, wani kwamandan Rum. Kolon a takarda Köln ne, a tsofaffi kuma Cöln.

Manhajar fassara ta waya na taimakawa, amma tana yawan tuntuɓe da Fraktur, kuma baitocin da ke jikin takardun yankin Westfalen, inda Haltern take, sau da yawa da karin harshen yankin aka rubuta su. Gara ka kwafe haruffan da hannunka zuwa rubutun yau, sannan ka ba manhajar.

Mataki na huɗu: tambayoyi uku ga kowane hoto

A nan aikin yake, kuma a nan daɗin yake. Duk takardar da ka riƙe, tambaye ta abu uku: me marubutan Rum suka faɗa a kan abin nan? Me masu tonon kayan tarihi suka samu a ƙasa? Me ya sa mutanen garin suka zaɓi wannan hoton a wannan shekarar?

Ɗauki ta Detmold. Marubutan Rum sun ba da labarin cewa a shekara ta 9 Miladiyya gwamna Publius Quinctilius Varus ya shiga daji da runduna uku, ta 17, ta 18 da ta 19. Wanda ya ja shi cikin tarkon Arminius ne, ɗan sarautar ƙabilar Cherusci, wanda ya yi aikin soja ƙarƙashin Rum har aka ba shi 'yancin zama ɗan ƙasa. Na gida ne, ya san yadda rundunar ke tafiya da yadda take ya da zango. Cikin 'yan kwanaki aka gama da su, Varus ya kashe kansa. An ruwaito cewa Kaisar Agustas ya riƙa buga kansa da ƙofa yana kiran Varus ya dawo masa da rundunoninsa, kuma Rum ba ta sake ba wata runduna lambobin nan uku ba.

To a ina aka yi yaƙin? Takardar Detmold za ta nuna maka kamar a bayan garin ne. Dalili kuwa, a kan tudun Grotenburg kusa da garin akwai katafaren mutum-mutumin Arminius, wanda Jamusawa suka raɗa wa Hermann tun ƙarni na 16. Ernst von Bandel ya fara aikinsa a 1838, aka buɗe shi a 1875. Tsayinsa da gindinsa ya haura mita 53, takobin da ya ɗaga kaɗai mita 7 ne. Tsaunukan wurin ma da can Osning ake kiransu. A ƙarni na 17 ne masana suka ɗauko sunan dajin Teutoburg daga rubutun Tacitus, wani marubucin Rum, suka liƙa musu. A 1987 wani hafsan sojan Ingila mai suna Tony Clunn, da na'urar gano ƙarfe, ya tono tsabar azurfar Rumawa a Kalkriese, arewa da Osnabrück, tazara mai nisa daga Detmold. Shekara ta gaba ya samu harsasan dalma na majajjawa. Tonon da ya biyo baya ya fito da makamai, ƙasusuwa da wani abin rufe fuska na ƙarfe na sojan Rum. Yau yawancin masana can suka karkata, ko da yake wasu na nan suna jayayya. Mai zanen 1920 bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai tambaya ta uku. Mutum-mutumin yamma yake fuskanta, wato wajen Faransa, kuma an kammala shi ne jim kaɗan bayan Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1871. A 1920 reshe ya juye da mujiya: yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ɗora wa Jamus diyya mai nauyi, sojojin ƙawance na zaune a yammacin Rayin. Bajamushen da ya riƙe takarda mai baitocin waƙar ɗalibai ta ƙarni na 19 da ke yi wa Rumawa ba'a, ya san da wa ake. Hular Hermann mai fukafukai ma ba ta zamanin yaƙin ba ce, tunanin masu zanen ƙarni na 19 ne. Idan ka gan ta a takarda, hoton mutum-mutumin kake gani, ba hoton Arminius ba.

Haltern labarinta ya sha bamban, kuma ni ta fi burge ni. Daga 1899 aka fara tono a bayan garin, aka gano babban sansanin Rumawa na zamanin Agustas. Sansanin na katako da ƙasa ne, katakon ya ruɓe tuntuni. Abin da masu tonon suka koya a nan shi ne, ramin da aka taɓa kafa gungume a ciki yana barin tabo mai duhu a ƙasa, ko bayan shekara dubu biyu. Da bin tabon nan ɗaya bayan ɗaya aka zana ganuwa da ƙofofi da ɗakunan kwana. An kuma samu curin dalma mai ɗauke da alamar runduna ta 19, ɗaya daga cikin ukun da suka halaka. Marubucin Rum Velleius Paterculus ya ambaci wani sansani mai suna Aliso, inda kwamanda Lucius Caedicius ya jure ƙawanya bayan faɗuwar Varus, daga baya ya fasa ya kai mutanensa Rayin. Mutanen Haltern suka ce Aliso tasu ce, suka sa sunan a kuɗinsu. Wasu wuraren a bakin Lippe, kamar Oberaden da Elsen, su ma sun yi wannan da'awa. Oberaden ta fita daga takara domin an bar sansaninta tun wajejen shekara ta 8 kafin Miladiyya. Haltern ce ke da hujja mafi ƙarfi, amma a katin bayaninka rubuta "da'awar garin", kada ka rubuta shi kamar an yanke hukunci.

Trier kuwa ba ta buƙatar da'awa, shaidarta na tsaye a tsakiyar gari. An kafa ta wajejen shekara ta 17 kafin Miladiyya da sunan Augusta Treverorum, daga baya ta zama mazaunin sarakunan Rum, har da Kwanstantin. Hoton da za ka nema shi ne Porta Nigra, wato Baƙar Ƙofa, ƙofar arewa ta ganuwar birnin, wadda aka gina wajejen shekara ta 170 da manyan duwatsu da aka ɗaure da ƙarafa ba tare da kwaɓi ba. Sauran ƙofofin birnin an rushe su an kwashe duwatsunsu. Ita ta tsira ne saboda wani mai zuhudu, Simeon, ya killace kansa a cikinta har ya rasu a 1035, aka mayar da ita coci. A 1804 Napoliyon ya ba da umarnin a cire gine-ginen cocin. Saboda haka ƙofar da ke jikin takarda ita ce yadda aka gyara ta a ƙarni na 19, kuma idan ka sa madubin ƙara girma za ka iya lura hasumiya ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka lura da bambancin: a Detmold Rumawa abokan gaba ne da aka kora, a Trier kuwa kakanni ne da ake alfahari da su, alhali sojojin Faransa na sintiri a titunan garin har 1930. Jera takardun biyu a shafi ɗaya, za ka ga abin da nake nufi.

Mataki na biyar: saye

Kafin ka saya, nemi lambar takardar a kundin masu tarawa. Dillalai sun fi amfani da na Grabowski da Mehl, sai na Lindman, don haka za ka ga an rubuta G/M ko L tare da lamba a tallar. Kundin ne zai gaya maka takardu nawa ne a jerin, da ko akwai bugu daban-daban: mai lambar jeri da marar lamba, mai tambarin cikin takarda da marar shi, mai sunan maɗaba'a da marar suna. Wani lokaci wannan ɗan bambancin ne ke ninka farashi. Idan kundin ya yi maka tsada, shafin Numista na da hotunan da yawa daga cikinsu kyauta.

Ana samun su a eBay, Delcampe da MA-Shops. Na gama-gari ba sa wuce yuro ɗaya ko biyu kowace, don an buga su da yawa kuma an adana su da kyau. Kuɗin aikowa ne zai fi kuɗin kayan, saboda haka tara oda wurin dillali ɗaya, ka tambaye shi tun farko ko yana aikawa ƙasarku, ka kuma biya na rajista mai lambar bibiya. Idan kana da ɗan'uwa mai karatu ko aiki a Turai, a aika masa, ya taho da su cikin littafi.

Nemi cikakken jeri. Na taɓa sayen takardu biyar daga wani dillali da ya rubuta cewa jeri ne, sai da suka iso na duba kundi na ga shida ne, kuma wadda babu ita ce mai ɗauke da ƙarshen labarin. Na yi wata bakwai kafin na same ta ita kaɗai, kuɗin aikowarta ya fi na sauran biyar ɗin. Tun daga ranar ba na biya sai na ƙirga, na kuma ga hoton gaba da baya na kowace.

Kalmar kassenfrisch, ko kfr a taƙaice, na nufin sabuwa fil ba ta taɓa yawo ba. Gebraucht na nufin an yi amfani da ita. Ga Serienscheine, sabuwa fil ita ce ƙa'ida, domin daga maɗaba'a albam suka wuce. Kada kyan takarda ya sa ka zargi jabu, kada kuma wani ya ƙara maka kuɗi a kan lanƙwasasshiya da sunan tsufa.

Mataki na shida: tantancewa idan sun iso

Wanke hannu, ka bushe shi sosai. Ɗaga takardar ga hasken taga ka nemi tambarin ciki idan kundi ya ce akwai. Sa madubin ƙara girma a kan layi mai launi: bugun asali launinsa shimfiɗe yake, kwafin firinta kuwa ɗige-ɗige ne warwatse. Sannan ka haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Takardar zamani na ƙyalli fari-shuɗi saboda sinadarin hasken da aka fara zuba wa takarda bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta 1921 dishi-dishi za ta kasance. Ba a cika yin jabun masu araha ba, amma akwai sake-bugu na 'yan yawon buɗe ido, akwai kuma waɗanda wasu 'yan kasuwa suka buga tun a wancan zamani da sunan garuruwan da ba su ba su izini ba. Kundin yakan nuna irin waɗannan.

Mataki na bakwai: ajiya da rubuta bayani

Kada ka yi musu laminatin, kada salatif ya taɓa su, kada ka sa musu dutsen guga. Duk ukun kashe takarda suke yi. Sayi shafukan roba na masu tara kuɗi waɗanda aka rubuta babu PVC a ciki. Robar albam ɗin hotuna mai laushi tana fitar da maiƙo bayan 'yan shekaru, ta manne da tawada. Takarda ɗaya a aljihu ɗaya, ka zura ta da hantsaki mai faɗin baki.

A ƙasashenmu abokan gaba huɗu ne: danshin damina, ƙurar hunturu, gara da kyankyaso. Sa albam ɗin a tsaye cikin akwati mai murfi, nesa da bango da ƙasa, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. A watan Agusta ka riƙa buɗewa duk mako biyu kana dubawa. Ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa a jikin takarda alamar danshi ne, ka fitar da ita ta sha iska a inuwa, kada rana ta gan ta don launin zai koɗe.

Kowace takarda ka yi mata kati. A gaba: gari, wanda ya buga, kwanan wata, daraja, lambar kundi, inda ka saya da nawa. A baya ka ja layi biyu ka raba shi gida uku don amsoshin tambayoyin nan uku. Da fensir za ka rubuta, domin gidan tsakiya yakan canza. Har yanzu ana tono a Haltern da Kalkriese, kuma a Trier ma a 1993 masu haƙa ginin wurin ajiye motoci suka ci karo da tulin tsabar zinariyar Rumawa sama da 2,600. Ka bar sarari a ƙasan katin.